Jirgin Azurfar Gwaggo Stane

Da tsakar rana aka gano an sace jirgin azurfar, kafin in shanye gahawata kuwa rabin mutanen garinmu Kotor sun gama yanke hukuncin cewa laifina ne.

Ɗan ƙaramin jirgin ruwa ne na ado, bai wuce tafin hannu biyu ba, yana rataye a gaban hoton Maryama a wani tsohon coci da ke kafaɗar dutse, can saman unguwarmu. Kakan Gwaggo Stane ne ya sa aka ƙera shi bayan teku ta kusa cinye shi, tun daga nan kuma makullin cocin yake hannun gidansu. Cikin duk masu jagorantar baƙi a garin nan, ni kaɗai Gwaggo ta yarda in taɓa makullin, don na iya ce wa baƙo ya cire hula, kuma ina kashe kyandirori kafin in kulle. Cocin nan shi ne abincina. Ganuwa da kuliyoyi kowa zai iya nuna wa baƙo, amma mai son ganin abin da wayarsa ba ta sani ba, ni Zorka yake nema.

A safiyar ranar wani katafaren jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido ya tsaya, ya amayo mana mutane. Cikinsu akwai wasu dattawa 'yan Norway, Turid da mijinta Gunnar. Ita ta ɗauke ni aikin jagora tun kafin su iso. Shi kuwa a bakin tasha, a gaban direbobin tasi, ya gyara hularsa ruwan ɗorawa ya ɗaga wayarsa sama.

"Ga jagorana nan. Ba ya surutu, ba ya kai ni shagon ƙanwarsa."

Direbobin suka kwashe da dariya, ni kuma na haɗiye abin da ya zo bakina, don ina da ƙanwa kuma tana da shago. Gunnar ya yi gaba shi kaɗai. Na hau da Turid cocin, ta ga jirgin har ta yi ƙwalla, na kulle, na sa makullin a ƙarƙashin tukunyar fure yadda Gwaggo ta ce, don ita ta tafi maƙabarta addu'ar arba'in ɗin ƙawarta Yovanka.

Da aka kira ni na koma, na tarar da harabar cocin cike. Ƙofa a buɗe, ƙugiyar da jirgin yake rataye tana lilo ba komai. Wanda muryarsa ta fi ta kowa shi ne Misho, direban tasi, ɗan marigayiya Yovanka, sanye da baƙar riga da gemun makoki. Shekara da shekaru yana roƙon Gwaggo ta bar shi ya riƙa kawo fasinjojinsa.

"Na sha faɗa! Ana ba mace ɗaya makulli tana shigo da duk wanda ta ga dama. Matar ta zo da safe ta leƙa, mijin ya biyo baya ya ɗauke. Sai wawa ne bai gane ba."

"Misho, ka kama bakinka," na ce, "yau ranar mahaifiyarka ce, kada ka sa in faɗi magana."

Gwaggo Stane ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zare makullin daga ƙofar ta jefa a aljihun zanenta.

"Zorka, 'yar nan, na ba ki amana. Har sai jirgin kakana ya dawo, babu ke babu ƙofar nan."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Turid na tsaye gefe tana kiran wayar mijinta, ba ta shiga. Ratko, ɗan sandan unguwarmu, ya ja ni gefe ya ce jirgin baƙin zai tashi da faɗuwar rana, ba ya jiran kowa, in kuma aka samu mutumin dole ya tsare shi. Sannan ya share gumi ya ce, "Dutse ba aikina ba ne. Na aika a kira Savo."

Kawu Savo maharbi ne, shi ake kira in akuya ta ɓata ko wani ya ɓace a tsaunukan da ke bayan gari. Abokin mahaifina ne, har gobe bai yarda na girma ba. Ya iso yana tauna busasshen ɓaure, ya dube ni sama da ƙasa.

"'Yar Milo, wa ya taɓa ki?"

"Duniya, Kawu."

"To duniyar ta matsa daga bakin ƙofa, ta gama tattake mini komai."

Ya kori kowa, ya bar ni kaɗai a bakin ƙofa. Ban ga ya kalli ƙugiyar ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake kallo. Ya daɗe a tsugune wajen ma'ajin kyandir, mai faranti biyu cike da yashi, ɗaya daidai ƙirji, ɗaya kusa da ƙasa. A na sama akwai guntun kyandir, a na ƙasa ma akwai.

"Baƙuwarki ta kunna?"

"Ta kunna, na kashe na cire. Fes na bar farantan nan."

Ya zaro na ƙasan, ya kai hanci, ya sa a aljihu. Na tambaye shi me ya gani, ya miƙo mini ɓaure.

Muka fara da Bosa, mai sayar da ruwan rumman a gindin matakalar da ke hawa cocin. Bosa ba ta taɓa ganin abu ta rage shi ba.

"Na gan shi da idona, Savo! Dogo, ja kamar an dafa shi, da hula ruwan ɗorawa. Jakarsa a kumbure. Na ce ya sayi ruwa, ya nuna mini waya. Waya zai sha?"

"A kumbure ta hau ko a kumbure ta sauko?"

"Ai bai sauko ba."

"Kafin shi wa ya hau?"

"Ina zan sani? Ina wajen arba'in ɗin Yovanka, Allah ya ji ƙanta. Ina kafa tebur ke nan ya zo."

Misho ya riga ya koma jikin motarsa a bakin ƙofar gari. Kawu Savo ya cire hula ya yi masa gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya tambaye shi ko ya ga baƙon.

"Baƙi dubu nawa ke wucewa nan, Kawu? Ni rabona da hawa can tun bikin Ista, sai ɗazu da na ji ihu. Daga maƙabarta nan na zo, aiki ba ya jira."

"Haka ne. Zumar mahaifiyarka fa, wa ke kula da ita yanzu?"

"Babu kowa. Sayar da amyoyin zan yi."

"Kash," in ji Kawu, ya mayar da hularsa. Raina ya ɓaci. Rana na tafiya, mutuncina na hannun mutane, shi kuma yana hirar zuma.

Bayan cocin akwai wata tsohuwar hanyar alfadarai da ke hawa dutsen a karkace. Nan Kawu ya tsinci sawun.

"Takalmi sabo, ƙasansa kamar haƙoran zarto. Mutumin yana tafiya yana kallon hannunsa."

"Ta yaya ka sani?"

"Ga inuwa can, ga rana nan, ya bi rana. Mai kallon gabansa ba zai yi haka ba."

Muka yi ta hawa. Ni duwatsu kawai nake gani, shi kuwa sai ya nuna mini tsakuwar da aka juya, cikinta mai danshi yana sama, ko reshen da aka kama aka karya. A bukkar wani makiyayi sawun ya tsaya ya yi zagaye, ba kowa a ciki sai kare. Gaba kaɗan hanyar ta rabu biyu, ta mutane ta yi dama, ta awaki ta yi hagu. Sawun ya bi hagu. Kawu ya yi tsaki.

"Wayar ta ce masa nan ya fi kusa. Gaskiyarta, in kana da ƙafa huɗu."

Sannan ya daina wasa. Ya nuna mini inda ƙasa ta zame, da wani dogon jan layi zuwa gangare, ya fara sauri irin wanda ban zaci yana da shi ba. Na manta da makulli, na manta da jirgi, fuskar Turid kawai nake gani.

A gindin wata bishiyar rumman ta daji muka same shi, zaune, ƙafa ta kumbura, leɓe ya bushe, awaki sun kewaye shi suna kallo. Wayar ta mutu tuntuni. Kawu ya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ya ɗaure masa idon sawu da ɗankwalina. Jakar na gefensa, a kumbure kamar yadda Bosa ta faɗa, da wani abu mai nauyi a nannaɗe cikin tawul. Na buɗe. Cuku ne, curi guda, ya saya wajen makiyayin, ƙarƙashinsa kuma rigar sanyi.

Kawu ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba, don in ba shi ya ɗauka ba, saura ni.

Na fassara masa tambayoyin Kawu. Ya ce wani mutum mai baƙar riga da gemu ne ya tare shi a cikin gari ya ce akwai coci a buɗe can sama, kyauta, ba sai da jagora ba. Hakan bai taimaka ba, rabin mazan unguwa baƙar riga suka sa a ranar. Ya ce ya tarar da ƙofa a buɗe, bai ga wani jirgi ba.

"Tambaye shi kyandir," in ji Kawu.

"Na kunna ɗaya, na jefa kuɗi a akwati," in ji Gunnar. "A sama na sa. Akwai wani yana ci a ƙasa, na zaci ma na yara ne wurin."

Kawu ya gyaɗa kai, ya durƙusa ya juya masa baya.

"Ce masa ya hau. Yau ya samu jagora ko yana so ko ba ya so."

Rana ta karkata sosai lokacin da muka iso gidan Gwaggo Stane. Kawu ya sa Ratko ya tara mutane a tsakar gidan, ƙarƙashin rumfar inabi: Gwaggo a kujerarta, Bosa, Misho, ni, da Gunnar da ƙafarsa a kan bokiti, Turid na riƙe da hannunsa tana yi masa faɗa da yarensu. Maƙwabta suka cika katanga. Daga nan ana hango jirgin baƙin a ƙasa, hayaƙi ya fara fita.

Misho ne ya fara. "To ga ɓarawon an kawo. Me ake jira? A caje shi."

"An caje, cuku ne," in ji Ratko.

"Ya ɓoye a dutse ke nan. Ko ita ta ɓoye."

Kawu Savo ya zauna a bakin rijiya, ya ciro guntun kyandirin ya riƙe.

"Bosa, in kin shiga coci za ki kunna wa jikokinki kyandir, ina kike sawa?"

"A sama mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"In na mijinki ne fa?"

"A ƙasa. Sama na rayayyu, ƙasa na matattu, ko yaron goye ya sani."

"Yaronmu ya sani. Baƙo bai sani ba. Baƙi duk a sama suke cusawa, wa zai durƙusa? Wannan bawan Allah a sama ya sa nasa. Zorka ta bar farantan fes. Amma tsakanin fitarta da shigarsa, wani ya buɗe ƙofar, ya durƙusa ya kunna wa mamacinsa. Ɗan gida ne, wanda aka yi wa tarbiyya, ba ya iya shiga coci ya fita hannu rabbana ko da sata ya je yi."

"Kowa a nan yana da mamaci," in ji Misho. Muryarsa ta ragu.

"Gaskiyarka." Kawu ya tashi ya sa guntun a tafin Gwaggo Stane. "Stane, idonki ya yi rauni, na sani, amma hancinki lafiya lau. Irin naki ne da kike ajiyewa a coci?"

Gwaggo ta murza shi da yatsu. Nata farare ne sirara, na kanti. Wannan kauri gare shi, launinsa ya yi duhu. Ta kai hanci.

"Na Yovanka ne. Da kakin zumarta take yi, ba ta taɓa sayar wa kowa ba. Na ƙarshensu muka riƙe yau a kan kabarinta." Ta ɗago. "Kowa ya dasa nasa a kan kabarin kafin mu taho, ni na tsaya ina kallo. Guda ɗaya ya ragu a kwando, na ce Misho ya tafi da shi gida."

Gunnar ya ƙura wa Misho ido, ya ɗaga yatsa zai yi magana, Turid ta danne hannun.

Na zaci Misho zai yi musu, don ya iya. Sai ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hula.

"Ba sayarwa zan yi ba, Gwaggo, na rantse. Yana cikin mota, na naɗe shi da ɗankwalin Mama. Kwana biyu kawai na so ya yi, ki karɓe makullin daga hannun Zorka, sai a tsince shi a bakin ƙofa. Da na shiga, na ji kyandirin a aljihuna. Nan Mama take kawo ni ina ƙarami. Ta yaya zan fita ban kunna mata ba?"

"Ka kunna mata," in ji Gwaggo, "sannan ka miƙe ka yi sata a kan idonta. Ka kuma tura baƙo dutse da rana tsaka ba ruwa."

Na yi niyyar zazzaga masa duk abin da na tara tun safe, na ma shirya kalmomin a kan hanya. Da na ga yana kuka da gemun makoki sai suka gudu. Haushinsa dai na ji, har yau ban gama hucewa ba. Ratko ya tafi da shi, suka dawo da jirgin, ko ƙwarzane babu.

Gwaggo Stane ta karɓa ta sumbace shi. Sannan ta laluba aljihu ta ciro makullin, ta kama hannuna ta sa, ta dunƙule yatsuna a kai.

"Na yi miki rashin adalci a gaban mutane, 'yar nan, a gaban mutane zan gyara. Je ki rataye shi da hannunki."

Jirgin baƙin ya busa ƙaho na farko muna cikin motar Ratko. A bakin tasha ma'aikata suka kawo keken marasa lafiya. Gunnar ya ciro walat zai ba Kawu, Kawu ya mayar da hannunsa baya kamar an miƙo masa garwashi. Sai Gunnar ya zaro cukun ya miƙa, wannan kam ya karɓa.

"Ki ce masa na gode," in ji Gunnar. Ya sosa hular. "Ke kuma, shagon ƙanwar taki, yana buɗe in mun dawo baɗi?"

"Yana buɗe. Amma ni za ka bi a baya."

"A baya," in ji Turid, "ni zan tabbatar."

Da suka shige na juya in yi wa Kawu godiya, na rasa ta inda zan fara. Mutumin nan ya goyi ƙaton Bature daga kan dutse da tsufansa, ya dawo mini da sunana kafin rana ta faɗi. Na kama hannunsa zan sumbata, ya fizge.

"Ke 'yar Milo, bar shirme. Ubanki ya taɓa ciro ni daga rami. Je ki kulle cocin mutane."

Tun daga ranar, duk baƙon da na hau da shi, kafin in nuna masa jirgin sai na tsayar da shi wajen farantan nan biyu na gaya masa sama na wane ne, ƙasa na wane ne. Sannan in ɗauki kyandir ɗaya in kunna wa Kawu Savo. Da ya ji labari ya ce ɓarnar kaki ce, gara in saya masa ɓaure. Na riƙa yin duka biyun.

Da sanyin bana Kawu ya kwanta, bai tashi ba. Da jirgin farko na bazara ya zo, na hau da wasu baƙi, na yi musu bayanina kamar kullum, na kunna kyandirin, hannuna ya tafi sama da kansa. Na tsaya a haka har kakin ya ɗiga mini a yatsa. Sannan na tattara siket ɗina na durƙusa.